Nasiru Ya Yi Japa

Daren Laraba, 9 ga Yuli, Makarfi.

Kwana huɗu ke nan wayar ɗana Nasiru a kashe. Yau da safe ƙanwarsa Hauwa ta kasa daurewa, ta nuna mini saƙon da ya turo mata daga Kaduna: "Na yi japa. Kar ki gaya wa Baba."

Na duba tsohon ƙamus ɗina na Turanci, babu kalmar. Na bar masu saran rake a gona, na hau acaba zuwa Kudan wurin Malam Iliya, wanda ya koya masa Turanci a sakandare. Bayan mun gaisa na miƙa masa wayar Hauwa. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Alhaji, wannan ba Turancin aji ba ne, na samari ne. Daga Yarbanci suka aro ta, ma'anarta mutum ya arce. Yanzu in yaro ya ce ya yi japa, to ya bar ƙasar."

Na ce, "Ta ina, Malam? Ba shi da fasfo."

Ya miƙo mini wayar. Ni ma na san hanyar marasa fasfo: Agadas, sai hamada.

Ya Allah, ni ne ranar Sallah na ce wa Nasiru ba shi da amfani, a gaban abokansa.

Da na dawo, uwarsa, wadda ita ma ta ga saƙon, ta tare ni a tsakar gida. "Malam ya ce me kalmar take nufi?"

Na ce sunan wata unguwa ce a Legas. Ta ce alhamdulillahi, ta shiga ɗaki ta kwanta. Ni ina nan ina ta kiran lambarsa.