Sunan Kamfani a Adireshin Shafin Baba

Zuwa ga Anti Lauya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da karambanin rubuto miki, ni da ko gaishe ki idan kin zo gida da ƙyar nake ɗaga ido. Ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya ƙannena?

Kin san Baba yana gyaran kekunan ɗinki. Kwanaki ya ce yana son shafi a intanet. Anti, ni ce ta ɗaya a darasin kwamfuta a ajinmu, amma 'yar Baffa ya ba aikin, wadda ko goman farko ba ta shiga ba. Ina tsaye a shagon ya ba ta. Yanzu Injiniya yake kiranta, ni kuwa har yau "ke".

Ta ɗauki sunan babban kamfanin da ke ƙera kekunan ta sa a adireshin shafin, ta ƙara "gyara" a ƙarshe. Baba ya sa an rubuta adireshin a allon shago, ya kuma buga sitika yana mannawa a duk keken da ya gyara. Jiya wata tela ta kawo nata ta ce a gyara kyauta, wai ta gani a intanet nan reshen kamfani ne. Baba ya yi dariya ya ce, "Kun gani? Injiniya ta mayar da ni kamfani."

Don Allah doka ta yarda da haka? Tambaya kawai nake.

Ki huta lafiya.
'Yarki

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Ashe kina magana!

Tambaya kawai kike, amma sai da kika gaya mini matsayin 'yar'uwarki a aji kafin ki zo kan doka. Na gane.

Eh, akwai haɗari. Babanki ya rubuta a cikin shafin cewa yana gyara kekunan kamfanin, galibi wannan ba laifi ba ne, gaskiya ce. Amma sunansu a adireshi yana sa mutane su zaci shagonsu ne, kuma telar nan ta riga ta zata. Kamfanin zai iya kai ƙara a ƙwace adireshin, har ya nemi diyya. Kuma kada ki yi murna da wuri: ba Injiniya za su nema ba, mai shago za su nema.

A sauya adireshin yanzu. Zan iya kiran Babanki, amma ke kika gano, ke za ki faɗa. Ko a gaban kowa, ko ki ja 'yar'uwarki gefe. Zaɓi naki ne.

Ki gaida yayana, Babanki.
Antinki

*

Anti,

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai.

Na so in faɗa a gaban kowa lokacin cin abinci. Har gwaji na yi a gaban madubi. Amma da aka fita tara a makaranta na ga Injiniya ita kaɗai a ɗakin kwamfuta tana ƙara hotunan Baba a shafin, sai bakina ya riga ni.

Ta ce, "Baƙin ciki kike yi." Na nuna mata bayaninki. Ta karanta, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Wayyo sitikun! Babanki ba zai sake kallona ba."

Ni na zaɓi sabon adireshi da sunan shagonmu. Ni na rubuta a ƙasa cewa ba mu da alaƙa da kamfanin. Ita ta je ta gaya wa Baba, ina bayanta.

Ya kalli allon shago. Sai ya ce wa maƙwabcinsa mai gyaran rediyo, "Ka ji yarinya? Har doka ta sani!" Ya juyo ya ce mini, "Ke, ki riƙa zama kusa da ita ko kya tsinci wani abu. Ɗauki reza ki kankare sitikun nan."

Ita kuwa ta sunkuyar da kai. Na kankare su duka. Yatsuna har yanzu danƙo suke.

'Yarki

*

'Yata,

Ranar Asabar zan zo gidanku. In faɗa wa Babanki ke kika gano, ko in yi shiru?

Antinki

*

Anti,

Assalamu alaikum. Don Allah kada ki faɗa. Idan daga bakinki ya ji, zai ce kin tausaya mini ne.

Jiya shafin ya ƙi buɗewa a wayarsa, ita kuma ba ta nan. Ya yi ta juya wayar, sannan ya miƙo mini. Na gyara. Ya ce, "Ashe ke ma kina ɗan taɓawa."

"Ɗan taɓawa", Anti. Har yanzu ita ce Injiniya, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Ba ni da wanda zan gaya wa haka bai ce in ji kunya ba.

Idan ban dame ki ba, ko za ki yarda in sake rubuto miki?

'Yarki