Ƙararrawar Malama da Bakin Auta

Zuwa ga Malamar aji huɗu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ni ne mai shagon littattafai, mahaifin Auta.

Na ga sakamakon aikinsu na tace ruwa. Auta ce ta yanka gorar roba, ta jera tsakuwa da yashi da gawayi, ta mayar mana da baranda kwata. Ita ta rubuta bayanin. Abokin aikinta da suke kira Rediyo bai taɓa gawayin ba, don kada hannunsa ya yi baƙi. Shi ya ci, ita ta faɗi, kuma shi zai kai aikin baje kolin makarantu. Na karanta littattafai da dama, har waɗanda ba su sayuwa, ban gamu da irin wannan lissafi ba. A taimaka a ganar da ni.

Na gode, a huta lafiya.

Zuwa ga Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa. Baba, ba gorar muke aunawa ba, iya bayani muke aunawa, haka tsarin ya zo mana daga sama. Kowane yaro yana da lokacinsa, in ya cika sai in kaɗa ƙararrawa. Auta ta tsaya a kalmar farko, in'ina ta riƙe ta, yara suka fara dariya. Na kaɗa da wuri don in cece ta. Gurbin da ba a yi magana ba kuwa, ba ni da makin da zan sa masa. Ka ce mata ta zo ofis ta sake bayanin, mu biyu kawai. Baje kolin dai an riga an tura suna.

Taku, Malama.

Malama,

Ina gaishe ki. Ashe ceto ne. Auta ta gaya wa uwarta cewa kalmar ta kusa fitowa sai ta ji ƙararrawa. A gida mukan jira ta, shayi ya huce, kalmar ta iso. Ban san jira ya fi ƙarfin makaranta ba.

Na isar mata da tayinki.

Baban Auta.

Baba,

Barka da yau. Ban gan ta a ofis ba. A aji ma ta koma bencin baya. Lafiya?

Malama.

Malama,

Lafiya lau. Ta ba Rediyo gorar, har da takardar bayanin don ya haddace. Tun ranar kuma ba ta yi in'ina ba ko sau ɗaya, domin ta daina magana.

Sai ki rubuta an samu ci gaba.

Baban Auta.