Na sa awaki sun cinye aikin ɗiyata

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karantawa. Ku sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshe. Ban yi lakkol ba, maƙwabciyata ce ke rubuta abin da nake faɗa.

Shekara talatin ina da butik a kasuwar Diffa, tattasai nake sayarwa da kayan miya da kwanuka. Kaya suna bayana, kanta, wato teburin ciniki, tana gabana, ba wanda ke ɗaukar ko allura sai na miƙa masa. Da tattasan nan na tura ɗiyata Falmata karatu Yamai, wai tana koyon tsara cikin shaguna. A shekararta ta ƙarshe ta zo hutu ta auna butik ɗina da tef, ta yi sati uku tana yanka kwali, ta gina ɗan ƙaramin shago irin nawa, wanda za ta kai wa malamanta a egzame, wato jarrabawa. Da ta nuna mini, na duba, babu kanta. Buhunan tattasai an tura su can ƙurya, wai suna sa mutane atishawa. Na ce, "To ni ina zan zauna?" Ta nuna wata ƴar kujera a bakin ƙofa. Na ce, "Mai gadi na koma ke nan?" Ta yi dariya ta ce, "Inna, malaminmu ya ce tun da aka fara ƙera kaya a masana'anta, kaya ke sayar da kansu. Ki bar mutane su shiga su taɓa." Su taɓa! A Diffa? Ni da na san hannun kowa a kasuwar nan?

Ranar da Falmata ta tafi gaisuwa Maine-Soroa, da hantsi na ɗauki abin na kai garke, na barbaɗa masa dusa, na kwance awaki. Ina tsaye suka cinye. Da ta dawo ta tarar da guntaye, ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi: "Wa ya saki awaki?" Yagana matar ɗana ce ke ɗaure su kullum. Ta rantse ta ɗaure, ni kuwa na fi kowa ɗaga murya: "Ke dai sakarai ce, ba yau kika fara ba!" Kwana huɗu ya rage a koma karatu, wanda Falmata ta sake haɗawa a gaggauce bai kai ta ba. Ta faɗi egzame, ba ta koma ba, yanzu tana ɗinki a Damagaram.

Shekara shida ke nan ba ta gaida Yagana, ko sunan ɗan da Yagana ta haifa ba ta zo ba. Ni kuma gwiwoyina sun mutu, Yagana ce ke dafa mini, ita ke kai ni bayan gida, kullum da "Sannu Inna" a bakinta. Ina cin abincinta, ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Jiya Falmata ta aiko cewa in bar gidan "waccan" in koma wurinta, mota za ta zo bayan sallar layya. In na yi shiru na shiga motar, na bar Yagana da laifina har abada. In na buɗe baki, wace ce a cikinsu za ta sake miƙa mini ruwa?

Me zan yi?