Zirin Kurmin da Kawu Zai Sare

Yaya Yu Kham,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya tarin Inna? Yaya yara? Ni lafiya nake a nan birnin Shenzhen. Tsayuwar masana'anta ce kawai ke kumbura min ƙafa, amma kada Inna ta ji.

Na samu labari Kawu zai sare zirin kurmin da ya haɗa tudunmu da babban daji, ya dasa itatuwan roba. Na kira shi, na tuna masa tudun maƙwabtanmu. Tun da roba ta kewaye shi raɓa ta ragu, manyan ƙudan zuma masu rataya saƙa a reshe suka tafi, ƙananan nan marasa harbi suka bi su. Yanzu kabewar maƙwabtan fure kawai take yi, ya zube.

Sai ya ce, "Sannu, malamin ƙudaje! Zuma ce za ta ciyar da gidan da ka gudu ka bari?"

Ba ni da hutu sai bikin watsa ruwa na sabuwar shekara, kafin nan kuwa an gama sarewa. Ina roƙonki, ki ɗauki kututturen da marigayi Baba ya ajiye ƙananan ƙudan a ciki, ki kai shi can cikin babban daji. Ba sai kin yi wa wurin alama ba. Gara su ɓace mana da ransu.

Ƙaninki,
Ai Lun