Tafasar Bayan Gida

Safana, Litinin

Zuwa ga maigida Malam Badamasi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya karatu a Katsina? Yara lafiya lau, suna gaishe ka.

Na ga takardarka. Wato ganyayen da na shanya maka a inuwa, ka jiƙa kowanne, ka ɗiga a wani ruwa mai launin shunayya, wanda ya fi saurin mayar da shi ruwan ɗorawa shi ya fi kare jiki daga lalacewa. Kuma wai tafasa ce ta zo ta ɗaya, ta kayar da yaɗiya da ɗinya.

Malam, na yi dariya har da hawaye. Tun da gonarmu ta Runka ta gagari zuwa saboda rashin tsaro, kwaɗon tafasar kangon bayan gidanmu ne ke riƙe da yaran nan. Rufe ƙofa nake in za mu ci, don kada a ce iyalin malamin makaranta sun koma cin ciyawa. Yau a tsakar gida muka ci, ƙofa a buɗe.

Taka,
Turai

Safana, Asabar

Zuwa ga maigida,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu dai da sauƙi.

Maƙwabciyarmu Kulu kaɗai na gaya wa, ita ma don ta daina yi mini kallon tausayi. Ban ce tafasa tana maganin tsufa ba, cewa na yi kamar haka ka nufa. Kafin labarin ya isa kasuwar Batsari ya zama likitocin Katsina sun gano tafasar bayan gidan Badamasi tana mayar da tsohuwa yarinya. Tafasa ta cika gari, amma tamu ake so, wai ita aka auna.

Jiya har da mai babur daga Zakka, ya kawo kakarsa da buhu. Hajiya Bara'atu, wadda ta taɓa toshe hanci a ƙofarmu, ta tsuguna tana tsinka da zoben zinariya a hannu. Kangon nan yanzu kamar an share don biki. Yara sun kwana da ruwan kunu, abin ya tsaya mini a rai.

Ga ƙarangiya nan na ƙunso maka, ta hana mu bin hanyar rijiya. Don Allah ka auna ta, ko yaya ruwan ya motsa ka sanar da ni, ni zan ji da sauran. In kuma ka auna rama ta yi kyau, kada ka rubuto. Ita ta rage mana, kuma ka san bakina.

Matarka mai kewarka,
Turai