Tudun da Ba a Waiwaye

Daga Malang

Matata Ratri,

Assalamu alaikum. Da fatan ƙafa ta yi sauƙi, a gaishe da Mama.

Haba Ratri! Tun da muka sauko daga dutsen Semeru kika tare a gidanku, ko waya ba kya ɗauka, kin mayar da ni mai rubuta wasiƙa kamar kakana. Duk a kan targaɗe? Ke fa kika ce mu je mu kafa tanti a bakin tafkin Ranu Kumbolo ko zamanmu ya gyaru. Kin kuma san dokar tudun da ke bayan tafkin: wanda ya hau da masoyinsa a zuci, bai waiwaya ba har sama, ba mai raba su. Don ke na ƙi juya wuya.

Ki dawo, kullum ƙonanniyar shinkafa nake ci.

Mijinki,
Galih

Daga Lumajang

Maigida Galih,

Wa alaikumus salam. Mama tana amsawa.

Wajen bin doka kam ba ka da na biyu. Da safiyar ranar, raɓa ta daskare a kan tanti, na ce maka jikina ba daɗi, ka miƙo min taliya a kofi ka ce sanyi ne. Da santsi ya kwashe ni a tsakiyar tudun, na ƙwala maka kira har ɗaliban da ke bakin ruwa suka miƙe tsaye. Ka ji ni. Na ga kafaɗarka ta motsa, amma ka yi gaba abinka.

'Yan dako ne suka ɗaura zane a gora suka ɗauke ni. Ɗayansu ya ce, "Baiwar Allah, ke kaɗai kika zo?" Kunya ta hana ni nuna masa kai, kana can sama kana ɗaga hannuwa kamar ka ci gasa. Abin nan yana ci min rai har yau.

Ka huta lafiya,
Ratri

Daga Malang

Ratri,

Bayan gaisuwa mai yawa. Wallahi na ɗauka gwada ni kike yi. Ai haka kowa yake tsokanar nasa a wurin, a kira shi a ga ko zai juya. Ina tafe ina roƙon Allah ya ba mu haihuwa, dangina su sakar miki mara, shi ya sa na cije. Bari damina ta wuce mu koma. Wannan karon ki shiga gaba, ni ina bayanki.

Naki har kullum,
Galih

Daga Lumajang

Maigida Galih,

Ina gaisuwa. Addu'arka ta riga ta karɓu. Ciki ne da ni, na ɓoye don in yi maka albishir a saman tudun. Washegarin zuwana gida ya zube. Da ka juyo, wataƙila da hakan ya faru duk da haka, amma da ba ni kaɗai ba.

Yayana Tunggul zai zo ya kwashe kayana.

Allah ya sa mu gama lafiya,
Ratri