Iskar da Hamma Ya Ɗura wa Tayata

Da sunan Allah. Ni Ukasha mai kayan gwari, na Kazaure, ina rubuta wannan da hankalina garau. Rabin unguwa za su ce ban taɓa yin hankali ba. To ga shi ya zo, a makare. Nafisat da Sadiyya, ku ƙanana ne, in kun girma uwarku Saude ta sa a karanta muku. Tun da na faɗo daga keke a gangarar Roni cikina bai daina kumbura ba, kuma na ga yadda likita ya kau da ido.

Na ɗaya. Gado ba ni zan raba ba, malamai za su yi yadda Allah ya ce. Roƙona dai kar a sayar da keken nan, shi ya ciyar da ku.

Na biyu. Duk wanda zai hau, ya taɓa taya da safe kafin ya ɗora kaya. A danna da babban yatsa, ta ɗan lotsa ta dawo. In ta nutse kamar tumatirin jiya a ƙara iska, kar dutse ya cije tiyub. In ta ƙi motsi a rage, don rana da kwalta za su ƙara mata nasu. Ta baya ta fi ta gaba tauri, ita ke ɗauke da kwando. A shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa tana yoyo.

Na uku. Ku san gaskiyar faɗuwata. Hamma ɗan Gwaggo Shatu taubashina ne, kuma babu kalar tsokanar da ba mu yi wa juna ba, har kwaɗo ya taɓa tsinta a hularsa. Ranar kasuwar Roni na jingine keke wajen mai faci na je alwala. Hamma ya ɗauki tiyon injin da ake ba mota iska, ya ɗura wa tayar gaba har ta zama ƙarfe, wai in yi ta tsalle a hanya ya sami abin dariya. Na fito zan danna, ya riƙe hannuna ya ce ya riga ya duba min. Na yarda. Tsohuwar taya ce, ta fashe a gangara.

Wasa ne ya ƙetare, wannan na yafe tun ina kwance a bakin titi. Abin da ke cina shi ne, da dattawan gida suka tambaye shi, ya ce ni na cika ta da hannuna don ganganci. Kowa ya yarda, ai Ukasha ne. Mai facin ya gani, ya yi gum. Har yau Hamma bai leƙo ni ba, alhali a zane ɗaya Gwaggo ta goya mu.

Na huɗu. Saude, na ji kin rantse yara ba za su ƙara taka gidan Gwaggo ba. Ki yi kaffara ki kai su. Tsohuwar nan ba ita ta riƙe tiyo ba.

Na biyar. Hamma baffanku ne, ku durƙusa ku gaishe shi, kar ku tona shi cikin taro. In ya zo ina numfashi, ya faɗi gaskiya gaban mutum ɗaya ma ya ishe ni. In sai bayan raina, ku yi masa shimfiɗa, ku ba shi ruwa, kar wanda ya ce masa kanzil.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin rufin asiri, ya haɗa kanku. Ku riƙe zumunci da hannu biyu, har da wanda ya saki nawa.